"Allura ce ta yi yawa": abin da ke faruwa bayan an rufe ƙofar ɗakin tiyata

Duk wanda ya taɓa zaman jira a bakin ɗakin tiyata, a Birnin Kebbi ne ko Argungu, Yawuri ko Zuru, ya san irin hirar da ake yi a kan tabarmar masu jinya. Wannan ya ce ƙanensa tun da aka yi masa allurar baya bai ƙara riƙe kalme ba. Waccan ta ce maƙwabciyarta ba aikin ne ya kashe ta ba, allurar barci ce ta yi yawa ta zarce. Na taɓa zama da wani dattijo manomin shinkafa da gwaiwa ta hana shi shiga fadama damina biyu. Ya ce mini, "Malam, ni yanka bai dame ni ba, na ga kaciya na ga ƙaho. Kada dai ku kwantar da ni in kasa tashi."

Aikina ke nan, sa barci da kashe zafi, kuma ba zan ce tsoron nan na banza ne ba. Ana rasa rayuka a wannan hanya. Sai dai an rataya laifin a wuyan allura, alhali galibi ba yawan magani ke kisa ba. Abin da ke kisa shi ne canjin da ya zo wa jiki ba a gan shi da wuri ba: hanyar numfashi ta toshe, awon jini ya faɗi, amai ya koma huhu, ko jini ya yi ta zuba a ciki da tsakar dare ba wanda ya lura. Tsira allurar aikin minti biyu ne. Sauran duk sa ido ne, tun daga jajibirin aiki har kwana biyu ko uku bayansa, kuma wani kaso na wannan sa idon yana hannun 'yan uwan da ke kan tabarma.

Sana'ar ba ta daɗe ba. Kafin 1846 ƙarti ke danne mutum a yanke masa ƙafa yana ji yana gani, gwanin likita kuwa shi ne mai saurin hannu. Ranar 16 ga Oktoba ta wannan shekara, a Babban Asibitin Massachusetts da ke Boston a Amurka, wani likitan haƙori, William Morton, ya shaƙa wa wani mutum sinadarin eta, aka cire masa ƙari a wuya bai yi ihu ba. Yau hanyoyin uku ne. Ko dai a kashe gurbin kaɗai, kamar yadda ake yi wajen ɗinkin rauni da cire haƙori, ko a kashe rabin jiki da allurar baya, ko a sa barci gaba ɗaya.

Sunan barcin da muke kiransa da shi ne ma ke ruɗar mutane. Mai barci in an mintsine shi zai juya, in hancinsa ya toshe zai buɗe baki, in amai ya taso masa zai yi tari ya farka. Wanda muka kwantar ba ya yin ko ɗaya. Ana haɗa masa magunguna iri uku: mai gusar da hayyaci, mai kashe zafi, da mai saki jijiyoyin nama don mai fiɗa ya samu damar shiga ciki. Wannan na ukun har naman da ke ɗaga ƙirji yake kwantarwa, saboda haka sai an zura roba ta baki zuwa maƙogwaro, na'ura ko hannun ɗan Adam ya riƙa hura masa iska. A wannan sa'a numfashin mutum yana hannun wani a zahiri. Ƙwaƙwalwa kuwa ba ta wuce minti huɗu zuwa biyar babu iskar oksijin ba tare da ta fara lalacewa ba.

Daga nan za a gane dalilin da muke matsa wa mutane kan maganar abinci har su ga kamar mugunta ce. Wata safiya aka kawo wani saurayi za a yi masa aiki. Na tambayi mahaifiyarsa, "Inna, ya ci wani abu da safen nan?" Ta ce, "Bai ci komi ba, ɗana. Hura ce kaɗai na dama mishi, kada a shiga da shi da yunwa." Tausayin uwa ne ya sa ta, kuma a wurinta fura sha ake yi ba ci ba. Da ban sake tambaya ba da an samu matsala. Fura da nono, koko, kunu, shayi mai madara, duk abinci ne a wurin tumbi. Idan aka gusar da hayyacin mutum cikinsa cike, abin da ke ciki zai iya tasowa shiru ya gangara huhu tare da ruwan tsamin tumbi, ya ƙone huhun. Wani likitan mata a New York, Curtis Mendelson, ya bayyana wannan a 1946 daga abin da ya gani a wurin masu haihuwa, har yau ana kiran matsalar da sunansa. Ƙa'idar ita ce awa 6 babu abinci, awa 8 in mai maiƙo ne ko nama, awa 4 ga jariri mai shan nonon uwa, ruwa tsantsa kuma ana iya sha har saura awa 2. Mun ɗage aikin saurayin zuwa yamma, ya tashi lafiya. Abin da nake roƙo shi ne wanda ya ci ya ce ya ci. Ko aikin gaggawa ne da ba za a iya jira ba, akwai dabarar da muke bi da mai cikakken ciki, amma sai mun sani.

Ta wani ɓangaren mu ma muna da laifi. Sau da yawa a hana yaro ko da ruwa tun tsakar dare, aikin kuma bai zo ba sai bayan azahar, a zafin watan Afirilu na Kebbi. Yaron ya shiga ɗakin tiyata a bushe, sukarin jininsa ya yi ƙasa. Mai jinya yana da haƙƙin ya tambayi nas ko za a ba shi ruwa ko a sa masa ƙarin ruwa.

Haka sauran tambayoyin jajibiri. Hawan jini, ciwon suga, asma, farfaɗiya, gyambon ciki, jiƙe-jiƙe da saiwoyin da ake sha, haƙori mai girgiɗa ko haƙorin Makka da zai iya ficewa lokacin zura roba, ko an taɓa samun wani a dangi da ya rasu cikin barcin tiyata. Mai sikila ya faɗa tun kafin a tambaye shi, domin sanyi da ƙishirwa da ƙarancin iska su ne ke tayar masa da ciwo, dukansu kuma ɗakin tiyata na iya haɗa masa su.

Allurar baya ita ce ta fi shan zargi, kuma ita ce ta fi yi mana rana. Da ita ake mafi yawan aikin ciro jariri, aikin gwaiwa, karayar ƙafa, da gyaran yoyon fitsari irin wanda ake yi a cibiyar Gesse a Birnin Kebbi. Mutum zai zauna ya duƙa kamar mai neman abu a cinyarsa, a tsira siririyar allura tsakanin ƙasusuwan ƙugu. Lakar da mutane ke tsoron a taɓa tana ƙarewa ne a sama da wannan wuri, kusa da ƙashin ƙugu na farko ko na biyu a jikin baligi, mu kuwa ƙasa da nan muke shiga, inda ruwa ne jijiyoyi ke lilo a cikinsa. Maganin da ake zubawa bai cika ƙaramin cokali ba. Cikin 'yan mintoci ƙafafu su yi ɗumi, su yi nauyi, su mutu. Bayan awa biyu zuwa uku su fara dawowa, zuwa 'yan awoyi kaɗan komai ya koma daidai. Ga mai ciki alherinta babba ne. A lokacin naƙuda tumbi ba ya saurin sauke abinci, maƙogwaro kuma yakan kumbura ya yi wuyar zura roba, don haka barinta a farke tana numfashi da kanta ya fi aminci. Ga shi kuma za ta ji kukan farko na jaririnta.

Ciwon bayan da ake jingina mata fa? Gurbin allurar yakan yi tsami na 'yan kwanaki, wannan gaskiya ne. Amma binciken da aka yi bai nuna tana jawo ciwon baya na dindindin ba. Matar da ta ɗauki ciki wata tara, ta yi goyo, ta koma daka da ɗibar ruwa kafin jikinta ya haɗe, tana da dalilan ciwon baya da yawa. Shanyewar ƙafa ta dindindin na iya faruwa, amma abu ne mai wuyar gani ƙwarai.

Illolinta na gaskiya daban suke, kuma su ba a hirarsu a kan tabarma. Ta farko faɗuwar awon jini. Maganin yana saki jijiyoyin jini na rabin jiki, jini ya taru a ƙasa, zuciya ta rasa abin turawa. Shi ya sa ake sa ƙarin ruwa, a karkata mai ciki zuwa hagu don mahaifa ta ɗaga daga kan babbar jijiyar jini, a auna jini kowane minti biyu ko uku a farkon aiki, allurar ɗaga jini kuma tana zuƙe a sirinji tana jira. Alamar farko sau da yawa tashin zuciya ne ko jiri, don haka mai jin su ta yi magana nan take. Matar da aka kawo daga ƙauye bayan ta kwana tana zubar da jini, ita allurar baya na iya zame mata haɗari, a nan sai a canza hanya. Ta biyu, maganin ya haura sama da inda ake so: hannaye su fara mutuwa, murya ta yi ƙasa, numfashi ya yi nauyi. In akwai mai kallo da kayan hura iska, a tallafa mata har maganin ya sake ta. In babu, wannan ce mutuwar da ake cewa allura ta yi yawa.

Ta uku ciwon kai ne mai alama ɗaya da ba ta ɓuya: in mutum ya zauna ko ya miƙe kai ya sara kamar zai rabe, in ya kwanta ya lafa. Ruwan laka ne ke ɗiga ta ƙofar da allura ta bari. August Bier, likitan Jamus da ya fara wannan allura a 1898, da kansa ya sha shi bayan an gwada a jikinsa, ya yi kwana tara a kwance. Ciwon kan yakan fara kwana ɗaya zuwa uku bayan aiki, ya tafi cikin mako ɗaya ko biyu. Kwanciya, shan ruwa daidai, farasitamol, har shayi ko goro na rage shi. Amma in ya haɗu da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko mai jego ce ganinta ya dushe, wannan wani abu ne daban, a koma asibiti, don yana iya zama ƙwayar cuta ko hawan jini mai kai wa ga jijjiga.

Akwai kuma ketamin, wani maganin sa barci da kashe zafi, wanda duk asibitin karkara ya san darajarsa. An haɗa shi a 1962. Ba ya kayar da awon jini kamar sauran, kuma galibi mutum yana ci gaba da numfashi da kansa, shi ya sa ya dace da wanda ya zubar da jini ko inda babu na'ura. Wajen farfaɗowa yakan sa mafarkai da sambatu, mutum ya yi ta kiran matattu ko fizge-fizge. 'Yan uwa su tsorata su ce iska ce ko taɓin hankali. Magani ne ke fita, yana wucewa, kuma shiru da rage haske da daina jijjiga shi sun fi masa amfani. Sai dai sauƙinsa na ruɗar wasu su yi amfani da shi babu horo babu oksijin, alhali yana tara yawu a baki, maƙogwaro na iya shaƙewa.

Da za a ce in zaɓi abu guda da bai kamata a fara aiki babu shi ba, zan zaɓi 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa, wadda wani injiniyan Japan, Takuo Aoyagi, ya gano dabararta a farkon shekarun 1970. Tana nuna yawan oksijin a jini da bugun zuciya, tana ƙara da kowane bugu. Lafiyayye 95 zuwa sama, in ta sauka ƙasa da 90 a tashi tsaye. Mu masu duhun fata mun fi kowa buƙatarta, domin kafin ido ya ga leɓe ya canza launi an makara. Baƙin lalle da jan farce na iya rikita ta, a bar yatsa ko ɗaya babu su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin abubuwa 19 da ta fitar a 2008, waɗanda ake dubawa kafin barci, kafin yanka da kafin fita da mara lafiya.

Na'ura kuwa ba ta kallon kanta. Ƙungiyar likitocin wannan fanni ta duniya ta ce a ƙalla a samu likitocin sa barci 5 ga kowane mutum 100,000. Ko da ƙidayar 2006 aka bi, wadda ta ba Kebbi mutum miliyan 3.2 da ɗoriya, ana buƙatar sama da 160. Ba mu kama hanyar wannan ba, Nijeriya gaba ɗaya ba ta kai likitan sa barci ɗaya ga mutum 100,000 ba. 'Yan kaɗan ɗin da ke akwai suna manyan asibitoci irin na tarayya a Birnin Kebbi da na koyarwa a Sakkwato. A yawancin ƙananan hukumomi 21 na jihar, nas-nas da suka yi ƙarin karatu na wannan fanni su ke ɗauke da aikin, wani shi kaɗai dare da rana. Ra'ayina shi ne sabon gini ba ya zama ɗakin tiyata sai an samu wanda aikinsa kaɗai tsayuwa ne a wajen kan mara lafiya, ba mai fiɗar ne zai yi allurar da kansa sannan ya zagaya ya ɗauki wuƙa ba.

Wani bincike da mujallar Lancet ta buga a 2018 ya bi marasa lafiya 11,422 a asibitoci 247 na ƙasashen Afirka 25, har da Nijeriya. Mutanenmu sun fi na sauran duniya ƙuruciya da ƙarancin cututtuka, amma yiwuwar mutuwarsu bayan tiyata ta ninka sau biyu. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kashi 94 cikin 100 na mace-macen ba a ranar aikin suka faru ba, a kwanakin baya ne, a ɗakin kwanciya. A ɓangaren masu haihuwa ta hanyar tiyata kuwa, mutuwar ta ninka ta ƙasashe masu arziki kusan sau 50, zubar jini ne kan gaba. Ke nan lokacin da 'yan uwa ke cewa alhamdu lillahi an fito, suka watse neman abinci da kiran waya, lokacin ne wani sabon tsaro ke farawa.

A nan maganar zafi ta shigo. Mun taso da girmama dauriya. Namiji ba ya raki, mai haihuwar fari kunya ba ta barinta ta yi ko nishi a gaban surukai. Na sha tarar da mace ta jiƙe da gumi, ta damƙe ƙarfen gado, in na ce, "Hajiya, yaya jikin?" ta ce, "Da sauƙi." Zafin tiyata da aka bari ba jarunta yake ƙarawa ba. Wanda aka yanka a ciki in yana jin zafi ba ya jan numfashi mai zurfi, ba ya tari, majina ta taru ta zama ciwon huhu. Ba ya tashi ya taka, jini ya daskare a jijiyar ƙafa, gudan ya iya ɓallewa ya tafi huhu. Zuciya ta yi ta gudu, awon jini ya hau, mai jego ta kasa zama ta shayar. Shi ya sa muke cewa mutum ya auna zafinsa daga sifili zuwa 10, don "da sauƙi" ba ta gaya mana komai.

Hanyar da ta fi ita ce haɗa magunguna masu aiki ta fuskoki daban, kowane a ɗan kima, kuma a bayar bisa agogo, ba sai zafi ya kai maƙura ba. Farasitamol kowace awa 6, ana raina shi amma yana rage buƙatar masu ƙarfi. Sai irin su daiklofenak da ibufurofen, waɗanda ba a ba mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda, ko wadda ke zubar da jini. Sannan masu ƙarfi: fentazosin da tiramadol da muka fi samu, da mofin, wanda shi ne ma'aunin sauran amma yana wuyar samu. Wani rahoton 2017 ya nuna rabin mutanen duniya mafi talauci ba sa samun ko kashi ɗaya cikin 100 na irin wannan magani da ake rarrabawa. Mai fiɗa kuma yana iya zuba maganin kashe gurbi a bakin raunin kafin ɗinki.

Bala'in shaye-shaye ya dagula wannan ta fuska biyu. Tun da gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, kuma kowa ya ga abin da tiramadol mai lamba 225 ya yi wa samari, wasu iyaye da sun ji sunan sai su ce kada a ba ɗansu. Shan magani na kwana biyu ko uku bisa awo a gadon asibiti daban yake da haɗiyar ƙwaya kullum a bakin tasha. Ta ɗaya fuskar, saurayin da ya saba da ƙwaya jikinsa ba ya jin awon da aka saba bayarwa, kuma in an yanke masa kwatsam bayan aiki zai shiga rawar jiki da gumi da fizge-fizge, a yi ta neman dalili. Ya kira mai sa barci gefe ya gaya masa. Sirrinsa ne, kuma ba don hukunci muke tambaya ba.

Mai jinyar da zai kwana kusa da gado, ga abin da nake so ya riƙe. Wanda bai gama farfaɗowa ba a kwantar da shi a gefe in nas ta yarda, kada a ɗura masa komai a baki. Amai, rawar ɗari da kaushin maƙogwaro abu ne da aka saba gani, suna wucewa. A kalli ƙirji a ƙirga numfashi na minti ɗaya cur: baligi 12 zuwa 20 ne. In ya yi ƙasa da 10 bayan allurar zafi, ko minshari mai katsewa, ko an kira shi an girgiza shi bai buɗe ido ba, wannan ba daɗin barci ba ne, kuma akwai allurar da ke karya maganin cikin mintoci. In numfashi ya yi sauri, tafin hannu da cikin ido suka yi fari, gumi mai sanyi, ƙishirwa mai tsanani, rashin natsuwa, ciki na kumbura, zane na jiƙewa da jini, ko jakar fitsari ta yi awoyi ba ta ƙaru ba, a tashi a kira nas. Tana iya zama ita kaɗai a kan gadaje masu yawa, ta ce tana zuwa wani ya riƙe ta. A koma a sake kira, a faɗi abin da aka gani da adadin da aka ƙirga, kada a jira zagayen likita na safe.